A Bar Yaran Barmu Su Ƙera Dodanninsu

Da zarar an gama girbi a Adar, an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, samari sun fara haɗa jakar cirani zuwa Abijan da Legas da Libiya, sai wata sana'a ta buɗe a bayan gidajen Barmu da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Masu sana'ar yara ne 'yan shekara 7 zuwa 13. Jarinsu karan dawa, yumɓun bakin tafki, gwangwanin tumatir, tsohon silifa, wayar da aka zare daga ƙonanniyar taya, da guntuwar reza. Da waɗannan suke fitar da mota mai ƙafa huɗu da ke juyawa, da raƙumi mai tozo, da sa mai dogon ƙaho irin na Bororo, da jirgin sama mai farfela. Ladan da ke jiransu a gida kuwa galibi tsawa ce: "Kai, tashi ka bar wasan banzan nan, ka je ka ba awaki ruwa!"

Wannan wasan nake son in tsaya wa a makon nan, kuma zan bi ta doguwar hanya, ta Ingila.

A birnin Nottingham akwai wani kamfani mai suna Games Workshop, wanda abokai uku suka kafa a Landan a 1975. Hajarsa 'yan ƙananan siffofi ne na roba, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba: sojoji, dodanni, motocin yaƙi. A 1987 ya fito da wasan Warhammer 40,000, wanda labarinsa ke gudana a sararin samaniya. A 1999 ya ƙara da Battlefleet Gothic, inda jiragen samaniya ne ke gwabzawa, ko da yake Amurkawa sun riga shi da Star Fleet Battles tun 1979. A watan Disamba na 2024 kamfanin nan ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan, yana cinikin fiye da fam miliyan 500 a shekara. Da yawa daga cikin masu sayen kayansa magidanta ne, likitoci da direbobi da malaman makaranta, wasu har da furfura a gemu.

Ga yadda wasan jiragen yake. A shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, a yayyafa masa farin fenti, ya zama samaniya da taurarinta. Kowa ya jera jiragensa, kowane jirgi a kafe kan ɗan tsinke. Kowanne yana da takardarsa, an rubuta iya tafiyar da zai yi a motsi ɗaya, da kaurin jikinsa, da nisan harbinsa, da yadda zai iya karya kwana. Da tef irin na tela ake auna tafiyar. A wasu wasannin, irin su Full Thrust na 1991, kowa zai rubuta inda jirginsa zai nufa a ɓoye, sannan a buɗe takardu lokaci guda, don haka sai ka karanci zuciyar abokin karawarka kafin ka motsa. Wani lokaci kuma a jefo dodo tsakiyar fili, wata halitta mai yawo tsakanin taurari wadda ba ta ga maciji da kowa, ta tilasta wa abokan gaba biyu su haɗa kai ko su hallaka tare.

Dodannin nan su ne suka tsaya mini a rai, domin 'yan wasa da yawa da hannunsu suke ƙera su. Kayan kamfani akwai tsada, kuma kamfani ba ya iya yin duk abin da zuciyar mutum ta raya masa. Sai mutum ya tattara ɓawon katantanwa, da busassun 'ya'yan itace, da marafan kwalba, da waya, ya haɗa da gam, ya bi da fenti. Ba wanda ya taɓa ganin dodon samaniya, saboda haka ba mai ce maka ka rage ƙafa ko ka ƙara ido. Al'adar ma daga cikin kamfanin ta samu gindin zama. A farkon Warhammer 40,000, lokacin da ba su da motocin yaƙi na sayarwa, mujallarsu White Dwarf ta nuna wa masu karatu yadda Rick Priestley, wanda ya tsara wasan, ya mai da robar turaren hammata da cokalin roba motar yaƙi mai shawagi. Har yau 'yan wasan na ambaton wannan mota da girmamawa.

To, mai karatu, je ka tsaya a kan yaron Barmu yana aikin kara, ka dubi hannunsa da kyau. Zai ɓare ɓawon karan da haƙori, ya tsage shi sili-sili. Totuwar ciki mai laushi ya yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da tsawonta. Sai ya riƙa soka silin a cikin totuwa, wannan ya riƙe wancan, har gangar mota ta tashi babu ƙusa babu gam. Taya daga tsohon silifa zai yanko ta, kuma ya san idan ramin bai faɗa tsakiya daidai ba motar za ta yi ɗingishi. Zai gwada, ya kwance, ya sake. Idan laka yake aiki da ita, ya san sai an cuɗa ta da ƙaiƙayi ko kashin jaki don kada ta tsage, ya san a inuwa ake shanya ta, ya kuma san idan ya binne raƙuminsa cikin garwashin murhun innarsa bayan an sauke tuwo, da safe zai fito ja mai ƙarfi. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wajen yayyensa ya gani, su ma wajen nasu yayyen.

Ka ce wa wannan yaro ya yi maka dodon da ke haɗiye jirage a tsakanin taurari, ka ga abin mamaki. Ƙwallon goriba da aka gama gwaigwaya, da gashinsa buzu-buzu, ya isa gangar jiki. Ƙayar aduwa ta zama haƙora. 'Ya'yan bagaruwa masu gaɓa-gaɓa su zama wutsiya, na gawo masu lanƙwasa su zama fukafukai. Ƙaro da aka jiƙa shi ne gam. Jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da bular wanki sun ba shi launi huɗu. Wajen siffa kuwa ba ya buƙatar littafi, don masu zana dodannin finafinai ƙwari suke zama su nazarta, shi kuwa da su yake kwana yake tashi: kunama a ƙarƙashin dutse, shanshani a gindin randa, buzuzu yana mirgina kayansa, ƙoƙi-ƙoƙi ta ɗaga hannuwa, fara da ƙafafunta masu zarto. A wajen kayan aiki da sanin hannu, ban ga inda magidancin Nottingham ya fi shi ba.

Inda ya fi shi abu biyu ne. Na farko, wasansa yana da doka. Motar kara, da an ja ta an zagaya unguwa sau biyu, ta gama aikinta, gobe awaki su cinye ta. Amma siffar da ke da matsayi a cikin wasa mai ƙa'ida, wadda aka san ƙarfinta da rauninta, wadda ta taɓa cin wani yaƙi aka yi ta labari, ba a yar da ita. Gyara ta ake yi, a ƙara mata ado, a ƙera mata 'yar'uwa. Doka ce ke sa wasa ya girma tare da mai yin sa. Na biyu, ba wanda ke kunyata shi. Namu yaron, ranar da ya fara tsayi, ranar za a fara yi masa gori, "ƙato da kai kana wasan ƙasa," sai ya saki karan, hannun da ya yi shekara shida yana koyon awo da daidaito ya koma latsa waya.

Doka kuwa ba sai mun aro ba. Muna da dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. A fara da zubi, kowa ya dasa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku tun a zubi ba. In an gama sai tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba a tsallake ba a karkata. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗa ɗaya na abokin karawa. Gwani tun a zubi yake kashe ka, ya kafa dokin da duk motsi ɗaya ci ne, kai kuwa ba ka farga ba sai 'ya'yanka sun fara ƙarewa. Babu sa'a a cikinta ko ta anini, tunani ne zalla, kuma dattawa na yin ta a gindin bishiya ba mai ce musu sun yi yarinta. Ashe mun san mutunta wasa. Abin da muka yi shi ne mun raba gida biyu: tunani mun bar wa manya da tsakuwarsu, ƙira mun bar wa yara da karansu, ba mu taɓa haɗa su a fili ɗaya ba.

Haɗa su ba wuya. A share ƙasa, a faɗaɗa gurabun dara su kai goma sau goma. Kowane yaro ya zo da jirage biyar da ya ƙera da kansa. Ƙaramin jirgi na kara yana tafiya gurbi uku amma bugu ɗaya ya fitar da shi. Babba na gwangwani gurbi ɗaya yake tafiya, sai an buge shi sau uku. Yaro na uku ya riƙe dodo, wanda ke motsawa bayan kowa ya motsa, kuma ba ya mutuwa sai jirage uku sun jeru a gefensa, ko na wane ne. Wannan misali ne kawai na ba da, kuma na tabbata yaran za su rushe rabinsa a yammaci ɗaya su kafa wanda ya fi shi. Gardamar da za su yi a kan dokar, wane jirgi ya yi ƙarfi da yawa, me ya sa dodo ke ci kullum, ita ce ma babbar ribar. Yaron da ya zauna da sa'o'insa suka yi doka, suka ga ta zalunci wani, suka gyara ta, ya koyi abin da manya da yawa ba su koya ba.

Na san za a ce me ya haɗa ɗan Adar da sararin samaniya. Abubuwa da yawa. Manomin da ke duban Kaza da 'Ya'yanta don ya san inda shekara ta kai, da matafiyin da ke tashi da Gamzaki, sun fi mazaunin Landan sanin sama, don shi fitilun birni sun rufe masa ita. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi ɗan sama jannati John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a Fabrairun 1962. Da aka sauka a wata a Yulin 1969, Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. A wannan shekarar ce kuma aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaro Kilba da baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi samaniya. Fiye da shekara 50 ke nan Bahaushe yana hawa sama a cikin harshensa.

Dodanni kuwa, ban da na tatsuniya da kakanni ke tsorata mu da su, muna da na gaske a ƙarƙashin ƙafarmu. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce teku ne ya rufe ƙasar da muke noma a yau. Shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse a tsaunukan Adar, kuma farin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke niƙawa a ƙarƙashin teku ya taru. A dutsen Igdaman, a jihar Tawa, an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai dasassun haƙora na fasa ɓawo, masana suka sa masa suna Igdamanosaurus a 1991. Ɗan'uwansa Goronyosaurus daga Goronyo ta ƙasar Sakkwato aka samo shi. Can Gadufawa a jihar Agadas aka haƙo kada mai tsawon mita 9 ko fiye, da Nigersaurus mai haƙora sama da 500 a baki mai faɗi. Yaran Amurka da Japan suna da siffofin wasu daga cikin waɗannan halittu na roba a ɗakunansu. Yaron da ke kiwon awaki a kan kabarinsu bai taɓa jin sunansu ba, sai in Allah ya kai shi gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Wanda ke shakkar inda irin wannan wasa ke kai mutum, ba sai ya je Ingila ba, ya tambayi mutanen Tawa labarin Mustafa Alasan. An haife shi a 1942. Tun yana yaro yake haɗa kwali da fitila da zane-zanensa, ya tara mutane da dare ya haska musu hotuna, tun bai san yadda ake yin silima ba. Ya yi kanikanci. A Yamai ya haɗu da mai shirya finafinai Jean Rouch, daga nan hanya ta buɗe masa har Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. Ya dawo ya yi La Mort de Gandji a 1965, da Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, wanda duk mai hankali ya gane da su wa ake. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana da ya ƙera. A fim ɗinsa Kokoa kuwa, kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ne suka shiga fagen kokawa, da makaɗa da 'yan kallo, duka aikin hannunsa.

A yi tunanin wahalar wannan aiki. Fim hoto 24 yake ci a daƙiƙa ɗaya. Sai ka ɗaga hannun kwaɗo kaɗan, ka ɗauki hoto, ka ƙara ɗagawa kaɗan, ka sake ɗauka, haka har ya kama ƙafar abokin kokawarsa ya kayar. Kokawar minti ɗaya na iya cinye kwanaki. Mutumin nan ya jagoranci sashen silima na jami'ar Yamai shekaru da dama, sannan ya tattara ya zauna a Tawa, ya riƙe masaukin baƙi, ya mai da wani sashe nasa ɗakin aiki, ya ci gaba da ƙera halittunsa da gwada kwamfuta har tsufa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 2017 gidan adana fasahar zamani na New York, MoMA, ya shirya nunin finafinansa. Duk inda ake ba da tarihin zane mai motsi a Afirka sai an ambaci sunansa. Daga Barmu zuwa inda ya yi wannan aiki ba wata tafiya ba ce, amma yara nawa ne a makarantun yankin aka taɓa nuna wa Kokoa? Fim ne na 'yan mintuna, kuma a waya ma ana iya kallonsa.

Akwai magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, ita ce ta addini. Uba zai ce, "Malam ya ce mai yin mutum-mutumi za a ce ya busa masa rai ranar gobe." Hadisin gaskiya ne, kuma malaman Malikiyya sun haramta sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai wadda ke da inuwa. Amma su ɗin dai suka keɓe kayan wasan yara, kamar yadda Alƙali Iyal ya bayyana a kan 'yar tsana. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga kayan wasan Nana A'isha, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya, bai sa an yar ba. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa sahabbai mata kan yi wa yaransu abin wasa na ulu don su ɗauke musu hankali daga yunwa ranar azumin Ashura. Sannan Ibn Abbas ya shawarci mai sana'ar zane da ya koma yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Jirgi ba shi da rai, haka tauraro da dutse. Babban da zuciyarsa ba ta kwanta da ƙera dodo ba, ya ƙera jirage, dodonsa ya zama guguwa ko tauraruwa mai wutsiya. Fatawa ta malamai ce, kowa ya je ga nasa, amma a kai musu tambayar yadda take: yaro ne, wasa ne, ba abin girmamawa ba ne. Kada a ɗauki hukuncin gunki a ɗora wa raƙumin laka.

Inda nake ganin ya kamata mu rabu da Turawan shi ne ɗan lido. Yawancin wasanninsu da shi ake yanke ko harbi ya samu ko ya kuskure. Hani a kan nardi, wasan da ake yi da shi, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma kowa ya ga yadda cacar ƙwallo ta waya ke cinye kuɗin samari a garuruwanmu. Ba mu da buƙatar koya wa yaro jiran sa'a. Dara ta nuna mana wasa na iya yin daɗi har a manta da abinci ba tare da an jefa komai ba.

Wani kuma zai ce, a ƙasar da ke fama da 'yan bindiga, wasan yaƙi za a koya wa yara? Tambaya ce ta mai hankali. Ba mu manta da 21 ga Maris na 2021 ba, ranar da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, a cikin jiharmu. Amma a duba abin da muke saya wa yaran da hannunmu ranar salla: bindigar roba, wata har da 'yan ƙwayoyin harbi, yaro ya saita ta a fuskar ƙanensa, manya na dariya. Tsakanin wannan da yara uku da suka durƙusa suna shawarar yadda za su kewaye wata halittar da ba ta wanzu ba, na san wanda zan zaɓa wa ɗana. Marubucin Ingila H. G. Wells, wanda ya buga littafin dokokin irin wannan wasa, Little Wars, a 1913, shekara ɗaya kafin yaƙin duniya na farko, yana ganin duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi a ƙasa sau kaɗan zai gane irin wautar da ke cikin babban. Ko ba a yarda da shi duka ba, a wasan nan wanda aka kashe yana tashi a sake zubi, kuma a ƙarshe kowa ya kwashi kayansa a tafi gida tare.

Ba na cewa duk yaron da ya ƙera dodo zai zama injiniya. Wasa yana da haƙƙinsa ko bai haifi sana'a ba, kuma yaron da ya yini yana ɗibar ruwa da kiwo ya cancanci sa'a ɗaya tasa ta kansa. Amma hanyar sana'ar a buɗe take. Maƙerin farin ƙarfe da ke zuba kurus ɗin Agadas ko na Tawa, da kakin zuma yake fara siffanta shi, ya lulluɓe da laka, ya gasa kakin ya narke ya fita, ya zuba azurfa a gurbinsa. Mai zubin tukunyar alminiyon a bakin kasuwa yashi yake dannawa a jikin samfuri. Matakin farko a duka biyun shi ne a iya fitar da siffa da hannu daidai yadda take a kai, kuma shi ne abin da yaron nan ke yi a bayan gida. Ƙasar da maza ke barinta wata shida ko fiye a shekara don neman abin rufin asiri ba ta da hannun da za ta yi wasarere da shi. Uban da ke Abijan, in zai aiko da tsaraba, da ya haɗa da ɗan fenti da burushi da ƙaramar filaya, da sun fi motar batir da za ta mutu kafin ya koma.

'Yan mata fa? Su ne suka fi kowa sanin laka, don su ke gina 'yan tukwane da murhu na wasan ɗaki, su ke yi wa 'yar tsana kitso da zare. Su ne kuma aka fi saurin janyewa daga wasa, a ɗora musu tallan goro ko goyon ƙane. Duk filin da za a share, a bar musu gefensu, kuma kada a ce musu jirgi na maza ne.

Abin da nake nema ba ya buƙatar wata ƙungiya ta zo da farar mota. Mushen lakkol, ko da a rumfar kara yake koyarwa, yana iya ware yammacin rana ɗaya a mako, ya ce kowa ya zo da abin da ya ƙera, a auna tsawo da faɗi, a rubuta dokar wasa a allo da Hausa, lissafi da rubutu sun shiga ke nan. Ɗaliban jami'ar Tawa da ke zuwa hutu gida su sauke finafinan Mustafa Alasan da hotunan ƙasusuwan Igdaman a wayoyinsu su nuna wa ƙannensu. Gwanayen dara su matsa kaɗan a gindin bishiya su duba dokar yaran, su nuna musu inda take yoyo. Iyaye mata, don Allah, idan kun tashi sharar safe kuka ga wani abu mai ƙaya da wutsiya a gindin katanga, ku ɗaga shi ku ɗora a kan rumbu, aikin kwana uku ne na wani.

Hukumar gundumar Barmu kuwa ta kira gasa sau ɗaya a shekara, ranar kasuwa, kowace makaranta ta kawo jiragenta da dodonta da dokarta, maƙera da magina tukwane su yi alƙalanci, wanda ya ci a ba shi kayan aiki. Kuɗin da za a kashe ba zai kai na hayar kujeru da lasifika na taro ɗaya ba. Ina roƙon a kira ta bana.